Inna Ta Ce Halitta Ce, Likita Ta Ce Tabo Ne

Daga Admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta. A yi mata adalci a kwamen.

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe tukuna, don na san halinmu a gurup ɗin nan, mutum zai karanta layi uku ya fara wa'azi. Masu tallan maganin ƙarin nono kuma ku huta, kar wadda ta ce a tura ni inbos ɗinta. Hulba ce, kunun alkama ne, man shafawa ne, babu wanda ban gwada ba tun ina budurwa, abin da na samu kawai kumatu ne.

Ni matar aure ce a Gusau, shekarata talatin da ɗaya, 'ya'yana biyu, sana'ata ɗinki a gida. Matsalata ita ce nonona na hagu bai fito ba. Ba wai ƙarami ba ne, babu shi ne gaba ɗaya, sai kan kawai a manne da ƙirji, na dama kuwa ya fito daidai yadda na kowace mace yake, da shi kaɗai na shayar da yarana. Tun ina aji biyu a sakandare nake cusa soso a rigar nono, da na iya ɗinki sai na fara haɗa wa kaina nawa, in yanka shi daidai, in lulluɓe shi da yadi mai laushi, har ya zama ko ƙawayena na kusa ba su sani ba. Kullum mata suna zuwa ina zagaya musu tef a ƙirji ina rubuta lamba, ni kuwa tunda nake babu telar da ta taɓa auna ni. Ban taɓa canza kaya a ɗakin biki ba, ban taɓa yarda wata ta rungume ni sosai ba. Maigidana ya sani tun kafin aure, ta bakin yayarsa na aika masa, ya ce shi ba komai, kuma tsakani da Allah shekara tara bai taɓa goranta min ba.

Mahaifiyata tana Bungudu, Inna muke ce mata, ni ce 'yarta ta fari. Tun ina yarinya in na je mata da kuka a kan abin nan amsarta ɗaya ce, ba ta ƙara ba ta ragewa: “Halitta ta, haka Allah Ya yo ki, ki gode mai.” A kan wannan kalma, wai halitta ce, na tashi, ban taɓa tambayar komai a bayanta ba.

Abin da ya tayar da maganar bara ne. Ina cikin bas za ni Bungudu da ƙaramar 'yata a cinya, lokacin ban yaye ta ba, ta sa hannu cikin rigata tana laluben abinta, sai ta zaro soson ta yar, ya faɗa kan ƙafar wani dattijo. Bawan Allah ya ɗauka ya kakkaɓe ya miƙo min ya ce, “Hajiya, ga soson wankinki ya hwaɗi.” Shi da zuciya ɗaya ya faɗa, amma matan da ke bayana sun gane, na ji wata ta ƙyalƙyale tana toshe baki. Ban san yadda na kai Bungudu ba. Ranar na ji na gaji, gajiya irin wadda ban taɓa yi ba, na ce ko mene ne sai na nemi yadda ake gyara abin nan.

Wata likitar mata a nan Gusau ta haɗa ni da wata likitar fiɗa a Kano, da na yaye yarinyar muka je ni da maigidana, shi ya zauna a waje. Likitar fiɗar ta jera min abubuwan da ake sawa a maimakon nono a tebur, kamar ledojin ruwa, ta ce in taɓa in ji. Akwai wanda ake cikawa da ruwan gishiri, ta ce shi in ya fashe jiki yana shanye ruwan kuma nan take za ki gane don zai sace. Akwai na silikon, ya fi laushi, ya fi kama da tsoka, amma shi in ya tsage ba lallai ki sani ba sai an yi hoto. A siffa ma iri biyu ne, akwai zagayayye, akwai wanda ƙasansa ya fi samansa cika. Ta ce ni tunda babu tsoka a wajen, na ruwan gishiri zai iya nuna tattara ta saman fata, don haka ita na silikon ta fi so min, a sa shi ƙarƙashin naman ƙirji, kuma kafin nan sai an fara sa wani abu da zai buɗa fatar a hankali na 'yan watanni. Ta kuma gaya min ba abu ne na har abada ba, wata rana za a iya buƙatar a canza shi. Duk wannan na ji na gamsu. Inda na fara kallonta a kaikaice shi ne da ta ce na daman ma ya kamata a ɗan ɗaga shi don su zo daidai. Ni tela ce, na san yadda ake yi, mace ta kawo yadi ɗaya ki ce mata ai da kin ƙaro leshi a wuya da ya fi fitowa. Wanda ba shi da laifin komai, ya ciyar min da yara biyu, me ya kawo shi cikin magana?

To ba wannan ne ya hana ni barci ba. Da tana duba ni sai ta tsaya, ta jawo fitila, ta ce wa ya yi min aiki a nan. Na ce babu wanda ya taɓa yi min aiki. Ta ba ni madubi ta nuna min wani ɗan layi fari a gefen kan nonon, siriri, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Na san da shi mana, jikina ne, amma ni duk zatona yana cikin halittar. Ta ce wannan tabo ne, kuma tsoho ne sosai, ta fi kyautata zaton tun ina jaririya aka tsaga wajen. Ta ce jarirai da yawa nononsu yakan kumbura bayan haihuwa, in an bar shi zai sauka da kansa, amma mutanenmu sai su yi ta matsa shi wajen wanka, ya yi ƙurji, a kira wanzami ya tsaga, in aska ta taɓa tushen nonon shi ke nan ba zai fito ba. Na ce ta tabbata haka aka yi min? Ta ce ba za ta rantse ba don ba ta nan, amma ta ga irinsa ba ɗaya ba ba biyu ba.

A mota na gaya wa maigidana komai, har da maganar tabon. Bai ce min e ba bai ce a'a ba, sai bayan kwana huɗu ya ce ya tambayi wani malami, kuma ga matsayarsa. In haka aka haife ni, halitta ce, shi ba zai sa hannu a canza halittar Allah ba. In kuwa hannun mutum ne ya ɓata, to gyara ne, zai sa hannu a takardar asibiti ya kai ni da kansa. Na ce ai likita ta faɗa. Ya ce likita da bakinta ta ce ba za ta rantse ba, kuma mai son a yi aiki a wajenta dole ta ce tabo ne. Ya ce shi daga bakin Inna yake so ya ji, ita ta haife ni. Mun yi ta sosai ranar, na ce wane malami ne, ya kai ni in ji da kunnena, don ni na sha jin cewa lahani ko da shi aka haifi mutum an yarda a gyara. Ya ce ba ya son gardama a kan addini, ya ɗauki hularsa ya fita. Har yau ban san malamin ba, ban ma tabbata akwai shi ba. Ni abin da nake zargi, mutumin nan tsoron fiɗa yake yi, ko allura za a yi wa yara fita yake daga ɗakin, kuma ya sha jin Inna tana cewa halitta ce. Sai nake ganin ya zaɓi ƙofar da ya san a kulle take ne ya ce in bi ta nan, don kar a ce shi ya hana.

Na shirya na tafi Bungudu. Ban gaya wa Inna sharaɗin maigidana ba, na dai ce likita ta ga tabo a jikina, ko an taɓa kai ni wajen wanzami ina jinjira. Jama'a, na san mahaifiyata. In aka yi mata tambayar da ba ta da tushe dariya take yi ta ce wa ya faɗa miki wannan shirme. Ranar ba ta yi dariya ba. Tana tankaɗe ne, hannunta ya tsaya, ta ce likitocin yanzu ba abin da ba su faɗa don su ci abinci, ta ce shekara talatin ina zaune lafiya sai yanzu zan kai jikina a yanka a cusa min roba, in mutu a ce me ya kashe ni. Ta yi faɗa mai yawa, amma na lura duk cikin faɗan nan ba ta ce ba a yi ba. Na sake tambaya, ta tashi ta shiga ɗaki ta ce lokacin salla ya yi, alhali ko azahar ba a kira ba.

Daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya. A Tsafe aka haife ni, gidan su Inna, don haihuwar fari gida ake zuwa. Kakata da ta yi mana wankan jego ta rasu da daɗewa, wadda ta rage cikin manyan gidan ita ce yayar Inna, muna ce mata Iya. Kun san yadda hanyar Tsafe take yanzu, ba a zuwa don nishaɗi, amma na bi motar safe na je, na ce wa maigidana gaisuwa za ni.

Iya ko ɓoyewa ba ta yi ba, kamar dama jira take a tambaye ta. Ta ce bayan suna da 'yan kwanaki nonona ya kumbura, ana matsawa wajen wanka kamar yadda ake yi wa kowane jariri a lokacin, wai don ruwan ya fita kar ya yi wari in an girma. Sai na hagun ya yi ja, ya yi tauri, na kama zazzaɓi. Ga yadda ta faɗa min, ban ƙara ko kalma ba: “Uwakki ta gani. Ita ka kwana da ke, kwana huɗu tana gani ba ta hwaɗa ma kowa ba, wai kunyar ɗiyar hwari, kar a ce ta damu da ke. Sai da abin ya nuna anka kira wanzami yat tsaga.” Ta ce Inna lokacin shekararta sha shida, in za ta ba ni nono a gaban mutane kau da kai take yi, ko ɗaukata ba ta yi sai an miƙa mata. Na ce to wa yake matsawar? Da farko ta ce Kaka, can kuma ta ce ko uwarki ce ma, ta manta, an daɗe.

Wannan “ta manta” ɗin ne ya sa na dawo da wani sabon zargin. Iya da Inna ba sa ga maciji tun ina ƙarama, gaisuwa ce kawai ta haɗa su, duk abin da zai zubar da Inna Iya ba ta ƙinsa. Kuma da na zauna na yi lissafi, lokacin da aka haife ni Iya tana aure a Kwatarkwashi. Ta zo suna, wannan na yarda, amma ta zauna har bayan suna da kwana goma tana ƙirga kwanakin da Inna ta yi shiru? Ko dai ji ta yi a bakin wasu ta ƙara gishiri? Sannan ni na fara ambata mata wanzami a tambayata, ban bari ta kawo shi da kanta ba, wannan kuskurena ne, ina mota ina cizon yatsa. Kun ga inda na tsaya ke nan, likita tana da dalilin cewa tabo ne, Iya tana da dalilin ɗora wa Inna, Inna tana da dalilin cewa halitta ce, maigidana yana da dalilin yarda da Inna. Kowa na duba sai in ga abin da zai ci a maganarsa, har na fara zargin kaina, ko ni ma don ina son aikin ne nake neman wanda zai ce an cuce ni.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi sati biyu ina fushi da Inna, fushin da ban taɓa yi da ita ba. Ba don abin da ya faru ina jaririya ba, yarinya ce 'yar sha shida, abin da aka koya mata ta yi. Abin da ya ci min rai shi ne in har gaskiya ne, to ta zauna tana kallona ina kuka tun ina sha uku, tana kallona ina ɗinka soso, ta bar ni ina tunanin haka Allah Ya so ni. In na tuna wannan sai kuma in tuna ita ce ta sayar da akuyarta ta saya min keken ɗinki, sai in rasa inda zan sa kaina.

Ranar Lahadin da ta wuce na koma Bungudu. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na zauna na kama mata. Wannan karon ban yi mata tambaya ba, ban kuma ce na je Tsafe ba. Na dai gaya mata komai tiryan-tiryan, abin da ya faru a bas wanda ban taɓa faɗa mata ba, da abin da likita ta nuna min, da sharaɗin da maigidana ya kafa, cewa daga bakinta yake so ya ji. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, “In anka ce wani yay yi, zai bari a yi maki aikin?” Na ce haka ya ce. Ta ce, “To ki ce mai ni ta. Ni niy yi.”

Na ce Inna don Allah ki dube ni, gaskiya ne ko don ni kika faɗa? Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ke dai ba hannu kike so ya sa maki ga takarda ba? Ki taho da shi ran Jumma'a in an sauko masallaci, in hwaɗa mai da bakina.” Na yi juyin duniya ta ƙara min ko kalma ɗaya, ta ƙi. Da zan tafi ta ƙulla min gyaɗar a leda ta ce in kai wa yara, ta rako ni har bakin zaure kamar kullum.

Tun ranar ban taɓa keken ɗinkina ba. Abin da na yi wata da watanni ina nema an ba ni, kuma ban san mene ne aka ba ni ba. In gaskiya ta faɗa, to zan kai mijina ya zauna a gaban mahaifiyata, matar da ko abinci ba ta ci a gabansa, ko sunansa ba ta faɗa, ta buɗe baki ta yi masa maganar nonon 'yarta ta ce ita ta lalata shi. Kuma na san maganar ba za ta tsaya a wajensa ba, yayarsa za ta ji, in ta ji dangi sun ji. In kuwa ba gaskiya ba ce, to tsohuwa za ta ɗora wa kanta laifin da ba ta yi ba, ta yi ƙarya ranar Juma'a saboda ni, ni kuma in ɗauki wannan ƙaryar in shiga da ita ɗakin fiɗa, inda ba kowa ke fitowa ba. Ina son aikin nan, ba zan yi muku ƙarya ba, ina son in sa riga sau ɗaya a rayuwata ba tare da na duba gefen hagu ba.

Waɗanda aka taɓa sa wa abin nan, ko aka sa wa wata tasu, ku gaya min gaskiya, na silikon ɗin ko na ruwan gishiri, kuma dole ne a taɓa lafiyayyen? Masu ilimin addini, da gaske lahanin da aka haifi mutum da shi ba a gyarawa, ko maigidana ne ya ƙara nasa? Don in ba haka ba ne, babu dalilin da zai sa a tsayar da Inna a gaban kowa.

Amma babbar tambayata ga iyaye mata ce, musamman waɗanda suka yi kunyar ɗan fari. In ke ce, 'yarki ta zo miki da wannan magana, kika ce “ni na yi” ba tare da kin dube ta ba, me kike nufi? Ban gaya wa maigidana komai ba tukuna. Yau Laraba, Inna kuma ta riga ta aiko ƙanwata ta tambaye ni ƙarfe nawa za mu iso. In kai shi, ko in ce mata mun fasa?